Guga da Mai Riƙe da Igiya

A shekarar da ruwan sama ya kayar da zauren gidan kakata Iya a Limancin Kona aka dakatar da babana daga aikin bishara. Dattawan cocin ƙauyen da yake aiki sun ce ya cika zuwa birni wurin uwarsa musulma, wai ya kusa komawa. Muka kwaso kaya muka dawo gidan Iya. Nan ma maƙwabta suka sa mana ido, wai ya zo janye 'ya'yan mutane. Mama kuwa ba ta yarda da Iya ba, gani take tsohuwar murna take yi.

Baba ɗan fari ne, don haka Iya ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Kawunsa Malam Sani ya ce zai ba shi wuri a rumfarsa ta dukanci in ya bar wa'azi. Baba ya ce a ba shi zuwa Juma'a.

Bayan magariba Iya takan soya gyaɗar sayarwa, mu jikoki mu kewaye murhu. Ran nan, da yake babu zaure, Baba yana gindin katanga yana gyaran kekensa. Iya ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga ta nan, ta zo muku da zafinta. Kai mijina, cire hannunka daga gyaɗata."

Ta ce an yi wani guga. Kullum a zura shi cikin duhu, a jawo shi, a juye ruwansa, a sake zura shi. Wani kwaɗo a ƙasan rijiyar ya riƙa ce masa mai igiyar nan ba ya ƙaunarsa, in ya cika a kwashe, a jefo shi wofi. Ya ce masa ya kwance ƙullin ya zauna ya huta. Wata rana aka zura guga aka bar shi. Ya jira, shiru. Ya duba sama, bai ga fuskar kowa ba. Sai ya fara taɓa ƙullin.

Iya ta ci gaba da juya gyaɗa. Na tambaye ta ko ya kwance.

"Ina na sani, ni da nake sama ina jiran ruwa? Amma gugan da ya ji igiya a wuyansa, ko ba a ja ba, ya san akwai hannu a can." Ta kakkaɓe zane ta ce kan kusu ya ƙare ta.

Washegari Mama ta ce wa Baba ai igiyar addinin gida ce, janyo shi ake so a yi. Malam Sani da labarin ya kai masa ya ce shi aka mai da kwaɗo, ya daina shigowa. Ran Juma'a Baba ya je rumfa ya yi godiya, ya ce ba zai iya ba. Ya yi ta aikin lebura har damina biyu, kafin coci ya sake tura shi bishara wani ƙauye da bai kai na farko ba. Can ya tsufa yana wa'azi.

Iya ta rasu a kan sallarta, ba ta taɓa faɗin abin da take nufi ba. Na daɗe ina zarginta kamar Mama. Sai da na zama dattijon coci, na ga yadda ake ɗaga mai bishara bana a yar da shi baɗi, na fara tunanin ko uwa ce kawai ta ga ɗanta a ƙasan rijiya, ba ta da hanyar yi masa magana sai ta kanmu.

Allah ya ja igiyar, amma jiran bai zo a kyauta ba. Mun rasa gonar ƙauyen farko. Mun rasa zumuncin Malam Sani. Na rasa makaranta, sai yanzu da furfura nake koyon rubutu. Mun kuma rasa ƙanwata Rifkatu, wadda ƙyanda ta ɗauke a damina ta biyu.