Makullin Banɗaki a Wuyan Wani

Shekara goma sha ɗaya yayata ta yi tana zama gaban wata farar fitila a kamfanin ruwan gora. Goruna na wucewa a kan bel ɗin inji, ita kuma ta zuba musu ido. Wadda ta ga datti a ciki, ko murfinta ya karkace, ta zare ta jefa kwando. Bel ba ya tsayawa. Banɗakin mata ɗaya ne tal, can bayan sito, makullinsa kuma rataye a wuyan shugaban layi, wanda suke kira Mai Makulli a bayan idonsa. Mace mai 'ya'ya uku sai ta ɗaga hannu kamar 'yar firamare, shi kuma ya dubi agogo ya ce, yadda kowa zai ji, "Ke kuma? Ba ɗazu kika je ba?"

Yaya akwai kunya, irin kunyar da har haushi take ba ni. Sai ta samo wa kanta dabara: ta daina karyawa, ta daina shan ruwa har a tashi aiki. In yunwa ta sa mata ciwon kai, ta haɗiye ƙwayar ciwon jiki biyu da yawu. Da yamma ta dawo ta ci na sau uku a zama ɗaya, ga yaji, sannan ta dunƙule a ƙasa tana murƙususu, ta danna filo a ciki.

Nan fa kowa ya zama likita. Surukarta ta ce sanyi ne, a dafa citta. Mijinta, wanda tun da aka sallame shi daga gadi ba abin da ya ƙware a kai sai ba da shawara, ya rantse tsutsa ce. Ni ma ban fita ba, ni ce mai tsumma da ruwan zafi. Duk cikinmu ba wanda ya haɗa ciwon da yadda take wuni a wurin aiki.

Ranar da ta yi amai da jini-jini na ja ta asibiti. Likitar, wata 'yar siririya, ta danna cikin ta ce, "Hajiya, ƙarfe nawa kike karyawa?"

Yaya ta sunkuyar da kai. Ni na ba da amsa, har da ƙari.

"To ai ga ciwon nan," in ji likita. "Ki ci abinci kaɗan-kaɗan a kan lokaci, ki sha ruwa, ki bar ƙwayoyin nan, suna cin ciki. In kin ji matsuwa ki tashi, kar ki riƙe." Ta rubuta magani, ta kuma rubuta takarda zuwa kamfani.

A hanya Yaya ta ce, "Ba ni takardar nan in ajiye. Ba ki san mutanen nan ba."

"Ki ajiye ki mutu a kan kujera? Wallahi da kaina zan kai."

"Auta, don Allah ki rufa min asiri."

Ban ji ba. Ni ce mai baki a gidanmu, kuma ina taƙama da shi. Washegari na tsallake Mai Makulli na shiga ofishin manaja, na dire masa takarda, na faɗi duk abin da ke raina. Mutumin nan ko gezau. Ya sa aka kawo min ruwa mai sanyi, ya karanta har sau biyu, ya ce, "Allah sarki, ba mu sani ba. Ai bai kamata mai lalura ta zauna a layi ba. Ta je ta huta." Na fito ina jin kaina, har da yi masa godiya. Ina tuna godiyar nan in ji kamar in mari bakina.

Ƙarshen wata aka aiko mata da wasiƙar sallama, an ce saboda lafiyarta. Kujerar ko kwana ba ta yi ba aka ɗora wata.

Likita ba ta yi ƙarya ba. Sati uku Yaya na gida, murɗawar ta tafi, har fuskarta ta ciko. Ta bi kamfanoni huɗu, kowanne ya dubi shekarunta ya ce za a neme ta.

Jiya na je gidan. Na same ta a kicin tana goge murhun da ba a kunna ba.

"Yaya, ya cikin?"

"Ya warke sarai," ta ce, ba ta ko juyo ba. "Ke kika warkar da shi. Ki jira yaran su dawo daga makaranta, in sun tambayi abin da na dafa, sai ki yi musu wannan albishir."