Ranar da Baba Ya Fille Kawunan Jarinmu

Ko zan manta da komai na zamana a Madina, ban da ranar da awarwaron zinarin mahaifiyata suka koma tulin roba marar kai.

Lokacin ina amarya, muna zaune a saman gidan Babana a Bani Harisa. Mijina ɗalibi ne daga Kano, yana karatu a jami'ar Musulunci, kuma bayan la'asar yakan karantar da tsofaffin unguwa a majalisin Baba. A shekarun ne wani abin wasa ɗan Japan ya haukata gari. Ka gan shi mota, ka murɗa nan ka ja can, sai ya miƙe mutum-mutumi da kai da kafaɗu. Wai na yara ne, amma manya masu gemu ke turereniya a kansa a shagunan bakin Harami. Kuɗin da aka gaya maka da safe, kafin magariba ya zama labari. Har akwai masu saye su kulle a kabad, ko ƙanshin kwalin ba sa barin 'ya'yansu su ji.

Wata rana Malam, mijin nawa, ya dawo idonsa na ƙyalli. Ya ce, "Ara mini awarwaronki. Kafin aikin Hajji zan dawo miki da su har da sarƙa."

Na ce, "Malam, su kaɗai Ummi ta bar mini. Kuma ba kai ka ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da sura ba?"

"Haba! Mota ce fa. Mota sura ce?"

Wallahi na so in ƙi, amma amarci wauta ne. Na tuɓe na ba shi. Ya sayar, ya sayo motocin, ya jibge kwalayensu a ɗakin ajiya na ƙasa, kullum sai ya leƙa su kamar mai kiwon kaji. Duk wanda ya zo tayi, sai ya ce a bari kuɗin ya ƙara tashi. Ya kuwa yi ta tashi, har tafiyar Malam ta canza.

Ranar da wani ɗan kasuwa ya taso takanas daga Jidda zai kwashe duka, na dafa shayi da na'ana'a, ina ta rawar jiki. Malam ya dawo daga jami'a tare da baƙon, na biyo su da tire. Ana tura ƙofar ɗakin, sai ga Baba zaune a tabarma, filaya a hannu, kwalaye a yage, ga kwano a gefensa cike da ƙananan kawuna.

"Ahlan, ya Ustaz," in ji Baba, yana ta fara'a. "Tsintsiya na shigo nema, na ce bari in ga motocin nan naka. Ina taɓa ɗaya sai ta miƙe tana kallona. A'uzu billahi! Ashe cutarka aka yi, gumaka aka ɓoye maka a ciki. Sai na tuna karatunka na Talata, da ka ce in an cire kai ba sauran sura. Tun hantsi nake fama. Halas, na gama maka."

 To me Malam zai ce? Ya ƙaryata karatunsa a gaban surukinsa? Da ƙyar ya iya cewa, "Jazakallahu hairan, Baba." Mutumin Jidda ya ɗaga guda, ya juya shi, ya ce shi ko kwali aka yaga ba ya saye, balle kai. Ko shayin bai sha ba ya fita.

Na hau sama na yi kuka har na gode Allah. Ba robar nake yi wa kuka ba. Hannuna nake kallo, wayam, ina tuna na Ummi.

Awarwaro dai ba su dawo ba, Baba kuma har ya rasu yana ba da labarin yadda ya ceci gidanmu. Jikokina sun ce yanzu irin waɗancan, in da kansu da kwalinsu, sai wane da wane ke iya saye. Nawa guda ɗaya yana nan a kabad, ba kai. Duk 'yar da za a kai ɗaki a zuriyarmu sai na ɗauko shi na nuna mata, na ce, "Ranar da kika ji maigida ya fara yi wa fatawarsa kwaskwarima saboda ciniki, ki riƙe hannunki gam."