Layin da Onelia Ta Kama

A unguwarsu a Matanzas, in ka ce Onelia ba wanda zai gane wadda kake nufi sai ka ƙara da "mai layi". Ba sana'a ba ce da wani ya koya mata, zaman duniya ne ya koya mata. Tun tana budurwa take bin layin burodi, layin man girki, layin kananzir, da layin kaza ran da Allah ya kawo kazar. Da mijinta ya rasu ya bar ta da yaro guda, sai maƙwabta masu zuwa aiki suka riƙa ba ta sallahu ta tsaya musu, su kuma su ɗan miƙo mata ƙwai ko sabulu. Da ƙafafunta ta reni ɗan nata Reinier har ya zama mutum.

Layinmu na Kuba dai ba jeruwa ake yi ba. Ka zo ka tarar da mutane a warwatse, wasu a gindin bishiya, wasu a bakin baranda, sai ka ɗaga murya ka ce, "Wa ne na ƙarshe?" Wani ya ɗaga hannu, shi ke nan ka kama layi. Ka kalli rigarsa da kyau, ka nemi inuwa ka zauna. Wanda kuwa ya ba ka ƙarshe ya ɗauki amana, ba ya wucewa bai sallame ka ba. Onelia takan riƙe layuka da yawa a ka lokaci guda. Ta san wa ke bayan wa, ta san mai cikin da za a bari ta wuce, ta kuma san ɗan rainin wayon da zai rantse tun jiya ya kama. Abin da ba a taɓa gani ba shi ne ta tsaya don kanta. Ko layin askirim ta bi, in ya zo hannunta yaron da ke kusa take miƙa wa.

Reinier ya girma ya tsallaka teku kamar sauran sa'o'insa. Ya zauna a garin Hialeah, can ƙasar Turawa, yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya yi aure, aka haifa masa Melani. Shekara takwas Onelia ba ta san jikar nan ba sai ta gilashin waya, in sabis ya yarda. Sai da gashinta ya gama fari sannan biza ta fito, ta wata ɗaya.

Ta iso da jaka cike da alewar gwaiba da ƙananan riguna da ta ɗinka, waɗanda duk sun yi wa yarinyar kaɗan. Melani ba marar kunya ba ce, baƙunta ce kawai. Tana jin harshenmu na Sifaniyanci sarai, amma da Turanci take amsawa, kuma uban take kallo in za ta amsa. "Baba, ka ce wa mamanka na gode." Wannan "mamanka" ita ce ta tsaya wa Onelia a ƙirji. Ta dafa baƙin wake, yarinya ta tsakura ta ture. Ta nemi abin da za ta yi mata ta rasa, don a ƙasar nan komai a kwali ake kawo shi har ƙofar gida, babu abin da ake tsayawa a samo wa mutum. Kwanaki suna ta ƙarewa, kuma kowa a gidan ya san da wuya a sake ba tsohuwa biza, ba dai wanda ya furta. Tsoronta guda ne, kada ta koma Matanzas tana nan a matsayin maman Baba.

Ana saura kwana kaɗan ta tafi, Reinier ya kwashe su zuwa wani ƙaton filin wasan yara a garin Orlando. Matarsa ba ta samu hutu a wurin aiki ba, don haka su uku suka tafi. A filin akwai wani jirgi mai gudu a kan dogo, ya hau can sama ya gangaro ta cikin kogon dutse. Bara an hana Melani shiga saboda tsawonta bai kai ba. Tun daga lokacin take auna kanta a jikin ƙofar kicin, bana kuwa ta kai har ta ɗan wuce. Sai dai jirgin nan ba a bin layinsa da ƙafa. Da sassafen ranar ake buɗe gurabe a cikin manhajar waya, mai rabo ya samu.

Wanda ya ƙirƙiro wannan tsari, Allah ya sa ya tsufa ya riƙe waya da hannu mai rawa. Reinier ya yi makonni yana kallon bidiyon yadda ake yi, kamar mai shirin jarabawa. Ran tafiya, gari bai gama wayewa ba yana zaune a kan murfin masai a otal, don nan ne sabis ya fi ƙarfi. Lokaci ya yi, ya danna. Wani ɗan zobe ya hau juyawa. Manhaja ta kore shi waje, ta nemi kalmar sirri. Ya sa, ta ce ba ita ba ce. Ya sake sawa, sai ta jero masa hotuna wai ya nuna masu babur a ciki, don a tabbatar shi mutum ne. Mutumin da ke zufa a kan masai! Kafin ya gama neman babura, gurabe sun ƙare.

Melani ba ta yi kuka ba.

Haka suka shiga filin, Reinier kansa a sunkuye yana ta jan fuskar waya da ɗan yatsa ko wani zai fasa a samu gurbi, yana karo da kekunan jarirai yana ba da haƙuri.

"Wai ina layin abin nan yake ne?" in ji Onelia.

"Mima, na faɗa miki babu layi." Haka yake kiranta tun yana yaro.

"Abu mai farin jini haka a ce babu layi? Kai dai ka ce ba ka iya nema ba."

"Akwai, amma a cikin waya yake."

"To bayan wa kake?"

"Ina zan sani, Mima? Ba a ganin kowa."

"Ji min ɗa! Ni na haife ka kuwa? Ka kama layi ba ka san bayan wa kake ba?"

"Don Allah ki bar ni in ji da abu ɗaya, caji ma ya kusa ƙarewa."

Ta bar shi. Da ya samu wurin sa caji a jikin wani bango ya tsuguna, ta ce za ta zaga. Ba bayi ta nufa ba, ƙarar jirgin ta bi da ihun masu gangarowa har ta iso ƙofarsa. Abin da ta gani ya sanyaya mata rai. Ga mutane nan a warwatse, wasu a inuwa, wasu a kan dakali, kowa ya ƙura wa ƙofa ido. Jiran wayoyinsu suke yi su ce lokaci ya yi, amma ita a ganinta layi ne sak irin na gida. Ta gyara jakarta a kafaɗa, ta buɗe muryar nan da duk Matanzas ta sani.

"Wa ne na ƙarshe?"

Turawa suka waiwayo suna kallonta. Sai can gefe hannun wani dattijo mai riga ruwan ɗorawa ya tashi sama.

"Ni ne!"

Matarsa ta zungure shi da gwiwar hannu. "Arsenio, lafiyarka kuwa? Na ƙarshen me?"

Shi kansa kallon hannun yake yi. Ya bar Kuba tun yana da gashi a ka, amma hannun bai manta ba. Ya buɗe baki zai yi bayani, Onelia ta riga shi.

"Madalla, ɗan'uwa. Mu biyu ne, ni da jikata. Bari in ɗauko ta, yanzu zan dawo."

Ta koma ta tsaya a gaban Melani, ta ce, "Tashi, na kama mana." Yarinya ta kalli uban. Reinier ya ce, "Mima, ba haka ake yi ba," amma idonsa na kan waya, kuma muryarsa ta gaji. Melani ta tashi ta bi ta, don wanda ya ce ya samo ya fi wanda ke cewa a jira.

Suka zauna a inuwa. Onelia ta nuna mata da baki. "Kin ga mai rigar ɗorawa? Shi ne namu. Kada idonki ya bar kansa. In ya shiga, mu ne." Ta zaro burodi da nama daga ƙasan jaka, inda masu binciken ƙofa ba su kai hannu ba, ta raba biyu. Melani ta ci ba ta ma san tana ci ba. Arsenio ya miƙe, yarinya ta cafke hannun tsohuwa.

"Ya tashi!" Da Sifaniyanci ta faɗa, a karkace.

"Zauna, ruwa zai saya. Ba ki ga ya bar hularsa ba?"

Ya dawo da ruwan kuwa. Melani ta kalle ta kamar ta yi duba, ta kwashe da dariya. Daga nan wasa ya buɗe. Onelia ta riƙa faɗa mata wa zai tashi, wa ke faɗa da mijinta a ɓoye, wane yaro ne fitsari ya matsa. Rabi ta canka daidai, rabi ƙarya ce, duka yarinyar ta yi wa dariya. Hannun nan da ta cafke ba ta sake shi ba, Onelia kuwa ko motsa shi ba ta yi ba, har ya yi mata tsami. Daɗin da ta ji a wannan zama ba ta ji irinsa ba tun da ta sauka daga jirgi.

Can wayar Arsenio ta yi ƙara. Ya taso yana jan ƙafa ya nufo ta, don ba zai iya wucewa bai sallame ta ba. Amma tuni ta miƙe ta jawo Melani, suka manne a bayansa har ƙofa. Ya ɗora wayarsa a kan wata na'ura, ta kawo koriyar wuta. Mai tsaron ƙofar, wata budurwa mai fara'a da ke jin harshenmu, ta dubi Onelia.

"Mama, ina lambarki?"

"Bayan wannan bawan Allah nake, 'yata."

"Gaskiya ta faɗa," in ji Arsenio, fuskarsa ta yi ja. "Ni na ba ta ƙarshe. Bakina ne ya riga hankalina. Ki ba su namu, ni da matata mu haƙura."

"Wallahi da ana yi da na yi, Baba. Da sunanku aka ɗaure shi, na'urar ba za ta karɓa ba."

Sai a lokacin Onelia ta gane. Duk zaman nan, babu layin da ta kama. Na baya sun fara tsaki da Turanci. Ita da ba a taɓa fitarwa daga layi ba tun tana budurwa, yau an fitar da ita a gaban jikarta, kuma ba wanda ya zalunce ta balle ta yi faɗa. Kunya ta rufe ta har kunnuwanta suka yi zafi. Arsenio yana tsaye ya kasa gaba ya kasa baya.

"Shiga, ɗan'uwa," ta ce a hankali. "Na sallame ka."

Suka koma gefe. Ta kasa kallon yarinyar. Ta ce, "Ki yafe min, na sa miki rai a banza." Melani tana ta murza bakin jakar tsohuwa da yatsa.

Suna nan tsaye sai ga Reinier a guje, igiyar caji na lilo a hannunsa.

"An samu! Wasu sun fasa, gurbi biyu ne! Sunaye kawai zan zaɓa kafin ya ɓace. Melani, ni da ke, ko?"

Yatsansa na sama zai danna, yarinya ta riƙe masa hannu.

"Ba kai ba."

"Ke, babu lokaci!"

"Kai ba ka kama layi ba. Kaka ce ta kama. Ita ce bayan mai rigar ɗorawa, na gani da idona."

Onelia ta dafe ƙirji. Kalmar nan ta "Kaka" ta shige ta har ta rasa inda za ta sa kanta, ga kuma jirgin nan ya gangaro ta saman kansu da ihun mutane.

"Ni? Rufa min asiri, 'yar nan! Ni tsayawa nake yi, ba na shiga. Je ki da babanki, ina nan ina riƙe muku kaya."

"Kaka, in ba ke ba na fasa."

Reinier ya dubi uwarsa, idonsa ya kawo ruwa. "Mima, yi magana, zai ɓace."

Ta ɗaga kai ta kalli dogon nan da ya yi sama kamar ba zai sauko ba. Ta kalli yarinyar da ke jiran amsarta, ita ba uban ba.

"Danna," ta ce.

Ya danna, koriyar alama ta fito. Ta cire jakarta ta rataya masa a wuya. Ta yi taku biyu, sai ta dawo, ta juya wa jama'a baya, ta zare haƙoranta na roba ta naɗe a hankici ta damƙa masa a tafin hannu.

"Riƙe min da kyau," ta ce da bakin da ya lotsa. "Ihu zan yi, kada su faɗo a kan ɗan mutane."

Melani ta ja ta, suka nufi ƙofa.