Mai Sauraron Kekuna

Ina zaune a shagon ɗinki ina jiran a rage mini hannun riga, amma idona ya kasa barin shugabar wurin. Doguwa ce, ramammiya, tef ɗin awo rataye a wuyanta. Ta bai wa kekunan ɗinki tara baya, ta fuskanci bango tana yanka yadi. Ko sau ɗaya ba ta waiwayawa.

Kunnenta ne idonta. Almakashi ya tsaya a hannunta, ta ɗan karkata kai.

"Baba na bakin taga, allurarka ta dakushe, canza ta." Tsohon ya duba, haka ne kuwa.

Can kuma ta ce, "Ƙanwata, yau ƙafarki ba ta tare da ke. Jikin 'yar taki ne? Tashi ki je, ni zan ƙarasa." Matar ta miƙe tana share ido. Ba tsawa, ba gori, amma kowa ya san ana jin numfashinsa.

Sai ta ajiye almakashin, ta sassauta murya: "Ke ta lungu, ya isa haka. Huta."

Na leƙa lungun. Keke ne lulluɓe da farin ƙyalle, ba kowa a kujerarsa. Ba wanda ya ɗago kai, ba wanda ya yi dariya. Kekunan duka suka rage gudu, sannan suka ci gaba.

Ban tambaya ba. Amma ina jin akwai ranar da ta ji keken nan yana ja da ƙyar, ta ce wa mai shi ta ƙara sauri, daga ranar kuwa mai shi ba ta sake hawa kujerar ba.