Kaka Mai Riba da Injin Iya

A bakin mai faci na fara jin sunan. Na kai masa keken makaranta, ya dube ni ya ce wa abokinsa, "Jikar Mai Riba ce," suka fashe da dariya. Da na tambayi mahaifiyata wane ne Mai Riba, sai da ta ajiye tsintsiya tukuna ta ce, "Kakanki ne. Kada in ƙara ji a bakinki."

Kaka direban babbar mota ne a masana'antar sabulun da ke ƙarshen layinmu. A can ƙuruciyarsa ta ƙare, a can bayansa ya ranƙwafa. Da ya yi ritaya, ya zuba kuɗin sallamarsa kaf a hannun jarin kamfanin. Duk shekara a raba riba, ya sa farar rigarsa ya zauna a ƙofar gida yana yi wa maƙwabta karatu.

"Kamfanin da ke raba riba lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Kun taɓa ganin mai jin yunwa yana rabon abinci?"

Shekarar da motocin kamfanin suka ragu, aka fara sallamar leburori, a shekarar ce aka ninka ribar. Kaka ya shigo gida kamar zai tashi sama. Iya, matarsa, tana rumfa gaban injin niƙanta, gari har gira. Da injin nan ta aurar da 'ya'ya, da shi ake ɗora tukunya a gidan.

"Sayar da shi za mu yi, mu ƙara hannun jari," ya ce.

"Malam, yau akwai motar da ta fita daga ƙofar kamfanin can? Ni ban ji ƙararta ba."

"Ke ina za ki ji, wannan dodon yana yi miki ihu a kunne? Da suna cikin matsala, ninkawa za su yi?"

Ta kashe injin, ta kakkaɓe zani, ta ce, "To."

Abin da ba a faɗa masa ba, ba sabulu ne ya kawo ribar ba. Filin ajiye motoci manyan kamfanin suka sayar, suka yayyafa wa mutane kuɗin don farashin hannun jari ya tashi. Yana tashi suka sayar da nasu hannun jarin, irin su Kaka suna rububin saye. Sun san tsofaffi irinsa ba sa karanta rahoto, ribar nan kawai suke kallo, da ita kuma suka yi musu tarko. Ba a zagayo wata shekara ba aka garƙame ƙofa da sarƙa. Mutanen da ya yi wa dakon kaya rabin rayuwarsa, ko sannu. Har yau suna yawo da motoci masu baƙin gilashi, ana miƙe musu a wajen taro. Shi kuwa aka bar shi da suna a bakin masu faci.

Inji ya tafi, kuɗinsa sun bi ruwa, Iya ta koma wankau. Hannunta ya tsattsage, amma kullum ta ajiye masa kwano sai ta ce, "Ba komai, Malam." Shi kuma ya daina zaman ƙofar gida. A ɗaki yake wuni, in ya ji ƙarar injin maƙwabta ya juya fuska bango, yana tsine wa manyan kamfanin ɗaya bayan ɗaya.

Wata rana da hantsi na kai masa ruwa. Ya riƙe hannuna.

"Amaryata, zauna in aike ki."

"Ina, Kaka? Ni ba na zuwa aike kyauta."

Bai yi dariya ba. Ya leƙa tsakar gida inda Iya take durƙushe gaban baho.

"Ki je ki ce wa tsohuwar nan ta daina ce mini ba komai. Da komai. Ki roƙa mini ita, don Allah, ta zage ni ko sau ɗaya ne."