Ranar da Na Juya Allon Boka

Ina da shekara arba'in da uku na fara riƙe fensir, a ajin manyan mata da ake yi bayan azahar a nan Azare. 'Yan unguwa suka yi ta dariya, wai tsohuwa ta koma 'yar firamare. Na ƙyale su.

A shekarata ta biyu a aji, jaririyar wani Alhaji maƙwabcinmu ta kwanta, sai ramewa take. Aka kawo wani boka mai allon katako, an zana haruffan boko a rabinsa na sama, rabin ƙasa kuwa fili. Yakan kife kofin shayi a kai ya ɗora yatsa, wai aljani ke jan kofin daga harafi zuwa harafi har sunan mayya ya fito. Sunan mai kokon unguwarmu ya fito, wata gwauruwa 'yar Katagum da ba ta da kowa a garin. Alhaji ya rantse sai ta tattara ta bar unguwar kafin Juma'a.

Aka ce a sake a gabanta. Na shiga tsakar gidan Alhaji na zauna daf da allon. Sauran mata kofin suke kallo. Ni da na san harafin da zai biyo baya, sai na koma kallon boka. Idonsa ke riga kofin isa kowane harafi.

Na ce, "Malam, aljanin nan da idonka yake gani?"

Ya ce aljani ba ya aron ido. Na ce to madalla. Na zaro kallabina daga ƙarƙashin mayafi na miƙa wa Alhaji, na ce ya ɗaure wa boka fuska. Alhaji bai so ba, amma idon jama'a ya sa ya ɗaure. Ni kuma a hankali na juya allon, sama ta koma ƙasa.

Kofi ya kama yawo a kan fili inda babu ko ɗigo, yana tsayawa nan da can kamar mai karatu. Ko wadda ba ta san bihim ba ta gani. Boka kuwa ya buɗe baki gadan-gadan ya kira sunan mai koko.

Alhaji da kansa ya kwance kallabin, ya nuna masa hanyar zaure. Na ce, "Alhaji, 'yarka asibiti take so." A ranar aka kai ta.

Mai koko kuwa hawaye kawai take sharewa da bakin zane. Washegari da sassafe ta ajiye tukunyarta inda ta saba, ni na fara miƙa kwano. A unguwar nan ta zauna har Allah ya karɓi abinsa.