Rariyar Gidan Malam Sallau

Ranar da ba na mantawa ita ce wadda aka tura ni Kaikai daga Kankiya, zamanin En'e, bayan yaƙin Bama. Lokacin ina ƙaramin duba-gari. Aikinmu kafin damina shi ne bin gidaje muna duba masai da rariya, wato kafar da ruwan tsakar gida ke bi ya fita ta gindin katanga. Wanda ya bar tasa a toshe, gargaɗi ɗaya ne, na biyu sai gaban alƙali.

Ba mu shiga gidan aure, daga waje muke karanta gida. Na tarar da rariyar wani manomi, Malam Sallau, a bushe ƙayau, alhali gindin katangar ya jiƙe har ya fara zaizayewa. Na zura kara, ya fito da toka da ƙanzo da tsumma.

Na yi sallama, ya fito zaure. Na ce, "Malam, ɗakin wa ke jikin katangar nan?"

"Na tsohuwata ne."

"Ruwan fari zai kwantar da shi a kanta."

Ya sosa ƙeya. "Sau nawa ina buɗewa tana cusawa. Ni in hana Iya? Gara ka kai ni wurin alƙalin."

Sai na koma gindin katanga na ɗaga murya na gaishe ta, na tambaye ta dalilin toshe rariyar. Ta ce, "Ɗan nan, ta nan 'yan tsakina ke hita, shirwa na kwashe mani su. Kai za ka tsare mani?"

Wannan tambaya babu ita a dokar da aka koya mana. Na sa Malam Sallau ya samo fasasshen madambaci, ya kafa gindinsa mai huji-huji a bakin rariyar ta ciki. Ruwa ya wuce, ƙanzo da toka su tsaya a kwashe, ɗan tsako kuwa ba hanya. Ban rubuta sammaci ba.

Aka yi damina, ɗakin yana tsaye. Da kaka sai ga Malam Sallau a Kankiya da budurwar kaza a hammata, ya miƙo mani, ya ce Iya ta ce cikin 'yan tsakin wannan ce ta fi son rariyar.

Ku yaran yanzu, in kun ga kafa a toshe, ku fara tambayar abin da mai gidan ke tsoro. Har Iya ta rasu ban san fuskarta ba, muryarta kawai na sani.